Babbar ƙungiya ko babban gida? Muna neman Hausar "big club"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu son ƙwallo da masu kishin Hausa. Akwai kalmar da ta hana ni sakat, na kawo ta gabanku.

Daren Asabar a gidan kallon unguwarmu, an tashi wasa, mai gidan ya kashe janareta yana goge allon da yake rubuta wasanni da alli, amma jama'a sun ƙi watsewa. Musu ya kaure a teburin mai shayi tsakanin wani yaro ɗan Man City da wani dattijo tela da ya fara bin ƙwallon Ingila tun a rediyo. Yaron ya ce City ta fi Aston Villa girma nesa ba kusa ba. Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, City na da ƙarfi, amma Villa big club ce."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da Hausa ta zauna a bakinsa haka, da ya zo gaɓar maganarsa sai da ya ari Turanci. Kuma na gane dalili. Da ya ce "babbar ƙungiya", yaron zai ce ai City ma babba ce, kuma gaskiyarsa: ta ci gasar Firimiya sau 4 a jere daga 2021 zuwa 2024, ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2023. Shi tela wani abu daban yake nufi. Yana nufin ƙungiyar da aka kafa a 1874, wadda tana cikin 12 da suka fara gasar lig ta Ingila a 1888, ta ci lig ɗin sau 7, ta doke Bayern Munich da ci 1-0 a Rotterdam a 1982 ta zama zakarar Turai. Kalmar "babba" ta haɗe ƙarfin yau da nauyin tarihi wuri guda. Me za mu kira wannan na biyun?

Wani malamin Hausa daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Kada ka ɗauki "daraja", domin daraja tana hawa tana sauka, shi ya sa muke cewa darajar naira ta faɗi. Ina ba da shawarar "martaba". Mutum yakan talauce martabarsa na nan. Sai a ce ƙungiya mai martaba, a jera ƙungiyoyi bisa martabarsu.

Malam, Allah ya ƙara basira. Bayaninka a kan daraja ya shige ni, na ajiye ta. Amma martaba ta yi mini nauyi a baki. Kunnen Bahaushe in ya ji "mai martaba" fada yake tunawa, kuma ban ga matashin da zai faɗe ta a tsakiyar ihun gidan kallo ba. A rubutun jarida za ta zauna daram. Ni wadda za ta rayu a teburin mai shayi nake nema.

Wani matashi daga Maraɗi:
Yaya, me zai hana a ce hamshaƙiyar ƙungiya?

Ƙanena, ka kawo kalma mai amfani, sai dai ta ɗaya ɓangaren ce. Hamshaƙi da dukiya yake tafiya, hamshaƙin attajiri muke cewa. PSG ta birnin Paris ce hamshaƙiya: a 1970 aka kafa ta, 'yan Qatar suka saye ta a 2011, a 2025 ta lallasa Inter da ci 5-0 ta ɗauki kofin Zakarun Turai karo na farko. Mu riƙe ta don irin waɗannan.

Wata 'yar'uwa daga Jos:
Ni a ganina girma jama'a ne. A ce ƙungiya mai jama'a kawai. Ku shiga kasuwa ku ƙirga rigunan Chelsea da na Arsenal, sannan ku nemo mini ta Villa guda ɗaya.

Yaya, ba za a samu ta Villa ba, na yarda. Amma mu tuna yadda rigunan nan suka shigo mana. Kanu ya koma Arsenal a 1999, aka yi kakar 2003/04 ba a doke su a lig ba, daidai lokacin da gidajen kallo ke yaɗuwa a garuruwanmu. Babayaro ɗan Kaduna yana Chelsea tun 1997, Mikel ɗan garinku ya bi baya a 2006. Mun bi 'ya'yanmu ne, kuma mun bi wanda talabijin ta nuna mana yana ci. Chelsea kuwa tsakanin lig ɗinta na farko a 1955 da na biyu a 2005 shekara 50 ce cur. Yawan magoya baya ma'auni ne na gaske, amma yana iya zama tashe, tashe kuma na mai zamani ne.

Wani dattijo daga Fagge:
Ɗana, kun yi ta kewaye, alhali kalmar tana cikin gidajenku. Babban gida.

In aka zo neman auren 'yarka, kafin ka tambayi abin da yaro ya mallaka, cewa kake yi ɗan wane gida ne. In aka ce maka ɗan babban gida ne, ba wanda ya ƙirga maka ɗakuna ko hawan bene. Na san gidaje a cikin birni, katangar ƙasa ce, zauren ya sha jiki, tabarmar da za a shimfiɗa maka ta tsufa. Amma in ka ambaci sunan gidan a ko'ina sai a gyara zama, saboda malaman da suka fito daga cikinsa, ko sarautar da aka yi, ko fataucin da kakanni suka yi har Gwanja. A gefe guda ga mai sabon kuɗi ya tayar da bene ya shafe shi da tayil. Za a ce katafaren gida, za a ce gidan Alhaji wane. Ba za a ce babban gida ba sai 'ya'ya da jikoki sun riƙe sunan.

To haka ƙwallo take. Real Madrid babban gida ne: kofin Turai 5 na farko, daga 1956 zuwa 1960, duk ita ta kwashe, zuwa 2024 ta tara 15. AC Milan mai 7 ta yi shekaru tana fama, ba wanda ya cire ta daga manyan gidaje. A nahiyarmu Al Ahly ta Masar ce uwa, tun 1907 take, kofin Zakarun Afirka 12 zuwa 2024. Shi ya sa da Kano Pillars ta fitar da ita a 2009 garin nan bai yi barci ba. Da wata ƙungiyar mai tashe aka fitar, murnar ba za ta kai haka ba. Kuma me muke cewa a filin Sani Abacha? Sai Masu Gida. Kalmar ta riga ta shiga ƙwallo da ƙafarta.

Baba, Allah ya ja kwana. Tun da na karanta nake maimaita ta, kuma duk inda na sa ta sai ta zauna. Abin da ya fi burge ni, tana zuwa da danginta. Pillars ta faɗi daga babbar gasa a 2022 ta dawo a 2023, kuma ko a shekarar faɗuwar ba wanda ya daina ganin ta a matsayin babban gida a Arewa, mai lig 4. Ga jam'i a shirye, manyan gidaje. Ga sunan ma'aunin, girman gida. Wanda ya fito daga makarantar ƙungiyar ma ɗan gida ne.

Malamin Zariya ya dawo:
Na janye martaba, ta Baba ta fi. Amma abu biyu. Na farko, muna da wasan gida da wasan waje, kada a rikice. Na biyu, ƙungiya mace ce, gida namiji. "Villa babban gida ce" za a ce ko "ne"?

Malam, na farkon bai dame ni ba, domin "babban" yana raba su. A na biyun, kunnena ya fi karɓar "ne", kamar yadda muke cewa Kano babban birni ne. In wani ya ce "ce" ba zan tsayar da shi ba.

Wani ɗan Man City daga Kaduna:
Yaya, da girmamawa, wannan kalmar kulle ƙofa ce. Kun zaɓi wadda za ta bar mu a waje har abada. City ba a 2008 aka haife ta ba da 'yan Abu Dhabi suka saya. Mun ci lig a 1937 da 1968, mun ci kofi a Turai a 1970. A kakar 1998/99 muna rukuni na 3, mutanen Manchester ba su guje mu ba.

Ƙanena, wannan magana ce mai nauyi, kuma ta gyara mini tunani. Wannan na ƙarshen da ka faɗa shi ne hujjarku mafi ƙarfi, ya fi kofunan kwanan nan, domin ranar rashi ake gane gidan da ke da mutane. Ƙofar ba a kulle take ba. Kowane babban gida wani ne ya fara gina shi, Madrid ɗin ma kafin 1956 ba ta da kofin Turai ko ɗaya. Ni dai a yau zan ce City gida ne mai tasowa, mai tushe, kuma hamshaƙi. In yaran da suka taso da kallon Aguero yana ci wa City ƙwallaye suka haifi nasu suka ɗora su a kan City, ko da kuɗin ya ja baya, ba mai musu a lokacin.

Inda na fi cijewa shi ne Nottingham Forest. Kofin Turai 2, a 1979 da 1980, amma lig sau 1 tak a 1978, duk a hannun mutum ɗaya, kocinta Brian Clough. Daga 1999 zuwa 2022 ba ta Firimiya. Kofunanta na Zakarun Turai sun fi na City yawa ko bayan da City ta ci na farko a 2023. Babban gida ne, ko gidan da aka taɓa yin sarauta sau ɗaya? Na fi karkata ga in ce tsohon gida.

Dattijon Fagge:
Tsohon gida ya yi mata, domin har yanzu da mutane a ciki, ana kunna wuta. Wanda aka watse aka bari shi ne kufai. Raccah Rovers ta Kano ta ci lig ɗin Najeriya a 1978, shekarar da Forest ta ci nata. Na kalle su da idona. Yau in ka tambayi yaran gidan kallonku ba lallai ka samu mutum 2 da suka taɓa jin sunan ba. Ka sa kufai a cikin jerin naka, ka rubuta Raccah a gabansa.

Na rubuta, Baba. Ranar Asabar zan kai wa tela kalmar in ji ko za ta zauna a bakinsa. 'Yan Ghana da ke tare da mu, ku faɗa mana yadda ake cewa a zangon Kumasi in ana musun Kotoko da Hearts of Oak.