Tarwadar pleco a kududdufin waje: sanyi ya shigo, ya zan yi da su?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Don Allah ku taimake ni da shawara, abin nan ya ɗaure mini kai.

Ina da kududdufin siminti a waje mai cin lita 2,000, da kifin zinare guda 9 a ciki. Da gansakuka ta ishe ni, sai na zuba tarwadar pleco guda biyu, masu manne wa bango da baki suna kankare shi. Aiki kam sun yi, bango ya yi tas, kowacce ta kai santimita 25 yanzu.

To, asalinsu kogunan Kudancin Amurka ne, ruwan da suke so digiri 23 zuwa 28. Da asuba ma'aunina 15 yake nunawa, bara kuma har 9 ya sauka. Kifin zinare ko a jikinsu, ci kawai suka rage. Su kuwa sun lafe a cikin bututu, ko da dare ba sa fitowa, kokwambar da na jefa musu har ta ruɓe ba su taɓa ba.

Na rufe saman da leda, na sa hita mai wat 300, ruwan ko gezau. Kuɗin wuta kawai nake ƙonawa.

Akwatin gilashina na ɗaki lita 120 ne. Zai riƙe su wata uku, ko za su yi faɗa? Kuma in na kamo su, cikin awa nawa zan ɗaga musu zafin ruwan don kada canjin ya kashe su?