Barin ciyawa a tsaye don rani: zai yiwu a Zariya?

Mai shanu bakwai, Dakace:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a jihar Mizuri ta Amurka ya turo mini bidiyon shanu suna tura hanci cikin dusar ƙanƙara, suna zaƙulo ciyawa kore shar. Ya ce tun watan Agusta manomin ya fitar da shanun daga filin, ya zuba taki, ya bar ciyawar ta taru, sai Disamba ya sake su ciki. Da wayar lantarki yake yanka musu ci na kwana biyu ko uku, don kada su tattake saura. Wai ƙanƙarar ba ta hana su ci sai in ta daskare ta yi ɓawo a sama.

Abin ya tsaya mini a rai, domin bara kuɗin harawa ya kusa gama da ni, har na sayar da maraƙi guda a watan Maris don in ciyar da sauran. Ina da kadada biyu kusa da Galma, gamba ce ta cika ta. In na killace ta daga Agusta, za ta riƙe mini shanuna zuwa saukar ruwa?

Tsohon ɗalibin kiwo, Samaru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Dabarar tana da kyau, amma ciyawar ba ɗaya ba ce. Tasu, wadda suke kira fescue, ciyawar sanyi ce, sanyin ma shi ke adana ta kamar an sa a firji. Tamu kuwa da gamba ta fitar da kai wajen Oktoba ta zama kara, hunturu ya ƙarasa busar da ita. Saniya na buƙatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 a abincinta kafin tumbinta ya sarrafa ciyawa sosai, busasshiyar ciyawar rani kuma takan faɗi ƙasa da kashi 4. Shi ya sa za ka ga ciki a cike amma haƙarƙari a waje.

Ni da ni ne, rabi zan yanka tun tana ɗanya kafin ta yi kai, in busar in yi ingirici. Ɗaya rabin in shuka stylo, wani tsiron kiwo dangin wake mai yawan furotin. A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwo ta Afirka, ILCA, ta gwada haka da Fulani a kudancin Kaduna: fili mai shinge kamar hekta 4, ana sakin shanu ciki awa biyu zuwa uku a rana, musamman masu ciki da masu shayarwa. Ka leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, ka tambayi iri.

Baffa daga Giwa:
Ɗana, su ƙanƙara ke damunsu, mu wuta. Shekara uku da suka wuce na bar fili haka, na hana shanuna na hana na maƙwabta. Wata rana bayan la'asar yara masu farautar gafiya suka cinna wuta, kafin magariba ba abin da ya rage sai toka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka share gefen filin fes, faɗin taku goma, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Kuma gara ma za ta ci rabonta. Kada ka fasa ba shanun angurya ko dusa da yamma, da 'yar kanwa.

Mai shanu bakwai, Dakace:
Allah Ya saka da alheri, Baffa, Allah Ya mayar da abin da aka rasa. Malam na Samaru, shi stylo ɗin da ruwan farko ake shuka shi, ko sai damina ta kankama? Kuma sai na tumɓuke gambar tukuna?