Me ya sa samun gurbin sauka a Heathrow yake da wuya haka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Lokacin da kamfanin Air Peace ya fara jigila daga Legas zuwa Landan a watan Maris na 2024, a filin jirgin Gatwick jirginsa yake sauka, alhali British Airways da Virgin Atlantic daga Heathrow, babban filin jirgin saman Landan, suke tasowa su sauka a manyan filayenmu. Tunda akwai yarjejeniyar sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashen biyu, me ya hana gwamnatin Birtaniya ta ba da umarni a buɗe masa ƙofar Heathrow tun farko?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, malam. Yarjejeniyar tana bai wa kamfani izinin shiga ƙasa ne, amma ba ta tanadar masa lokacin sauka a wani fili na musamman. A Birtaniya wata hukuma mai zaman kanta da ake kira ACL ce take raba guraben sauka da tashi, sau biyu a shekara, wato na zangon bazara da na hunturu, ba minista ba. Tushen matsalar kuwa shi ne titin jirgi biyu kacal Heathrow yake da su, kuma doka ta ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, wato kusan 1,300 a rana, adadin da ya daɗe da kusan cikewa. Sannan duk kamfanin da ya yi amfani da gurbinsa kashi 80 cikin ɗari a zango guda, yana da haƙƙin riƙe shi a irin wannan zango na shekara mai zuwa, don haka waɗanda suka riga shiga sun zama kamar masu gadon rumfa a tsakiyar kasuwa. Abin da ya rage wa baƙo shi ne ya jira ɗan abin da aka saki, ko ya saya daga hannun wani. A 2016 Oman Air ya biya dala miliyan 75 a kan gurbin sauka ɗaya da na tashi ɗaya, saboda na sassafe ne.

Hajiya Mai Fatauci:
Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ban yarda cewa gwamnati ba ta da ta cewa ba. A 2024 ministan sufurin jiragen sama na Najeriya, Festus Keyamo, ya rubuta wa hukumomin Birtaniya cewa Najeriya za ta iya hana kamfanoninsu sauka a Legas da Abuja, kuma a Oktoban 2025 Air Peace ya fara tashi daga Abuja zuwa Heathrow. A ganina da an yi shiru da har yanzu ana jira.

Injiniya Bakatsine:
Hajiya, ko da matsin lamba ya taimaka, bai ƙara wa filin ko taku ɗaya na kwalta ba. Majalisar dokokin Birtaniya ta amince da gina titi na uku a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta taka masa burki a farkon 2020 kan batun sauyin yanayi, kotun ƙoli ta soke wannan hukunci a ƙarshen shekarar, kuma aikin yana buƙatar rushe gidaje da karkatar da babbar hanyar mota ta M25. Abin da ya fi damuna ma na gida ne. A 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titinsa guda ɗaya tilo, a Kaduna na sauka da mahaifiyata muna dawowa daga asibiti, ina riƙe da jakar magungunanta, muka shiga motar da za ta kai mu Abuja tana ta gyara zama saboda ciwon baya. Yawancin kamfanonin ƙetare ƙin zuwa Kaduna suka yi a lokacin. Sabon ginin fasinjoji yana faranta ido, amma yawan jiragen da fili zai ɗauka a awa ɗaya ya dogara ne ga titi, da hanyoyin da jirgi yake bi zuwa wurin tsayawa, da na'urorin hasumiya. Ina so a fara tambayar hukumomi ranar da titi na biyu na Abuja zai karɓi jirginsa na farko.