Shin Sayar da Gwanaye Yana Durƙusar da Ƙaramar Ƙungiya? Muhawara kan FC Halifax Town

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, ƙungiyar da 'yan wasanta ke fita neman abinci da rana su yi atisaye da yamma, muddin ta saba sakin gwanayenta, ba za ta tsaya da ƙafafunta ba. Hujjata ita ce FC Halifax Town ta arewacin Ingila, wadda ta sayar wa Fleetwood Town da Jamie Vardy a 2011, ta sayar wa Millwall da Lee Gregory a 2014, Marc Roberts kuma ya tafi Barnsley a 2015. Kafin tafiyar Gregory ta ƙare kaka a matsayi na 5 a rukuni na biyar na gasar ƙwallon ƙafar Ingila, a kaka ta gaba ta sauko na 9, a 2016 kuwa ta faɗo daga rukunin baki ɗaya.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka ɗauko labarin daga tsakiya. An kafa wannan ƙungiya a 2008 bayan bashi, har da na haraji, ya kashe tsohuwar Halifax Town, aka tilasta wa sabuwar ta faro daga rukuni na takwas. Mutanen da suka ga yadda bashi ya rufe musu ƙungiya ba za su ƙi kuɗin da aka taya ɗan wasa don su burge 'yan kallo ba. Sannan ka duba abin da koci Neil Aspin ya yi: ya haurar da su rukuni na gaba a 2010 da 2011, kuma bayan tafiyar Vardy da shekara biyu ya sake haurar da su a 2013, inda Gregory ya ci ƙwallon da ta ba su nasara a kan Brackley Town. Ashe ke nan gurbin da Vardy ya bari bai kashe su ba.

Nura: Baba Alhaji, ina neman ƙarin haske. Me ya sa ba su riƙe Vardy shekara ɗaya kacal ba, tunda Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012?

Alhaji Garba: Ɗana, wannan farashin Fleetwood ce ta samar da shi, domin a can ya ci ƙwallo 31 a gasar rukuni na biyar, inda manyan ƙungiyoyi ke turo masu leƙen 'yan wasa. Kuma kada ka manta ita ma Halifax ɗin fam 15,000 ta biya Stocksbridge Park Steels ta ɗauko shi a 2010. Kowace ƙungiya tana cin ta ƙasa da ita, ta sama kuma tana cin ta.

Koci Isa: Dattawana, ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ke horar da yaran unguwa. Abin da ya fi yi mini ciwo a tafiyar ɗan wasa shi ne lokacin da ya tafi. Vardy ya bar Halifax a ƙarshen Agusta, bayan an riga an fara kaka, lokacin da koci ya gama tsara wasansa a kan saurinsa. Ni kaina wata shekara yara biyar suka bar ni ana saura mako biyu a fara gasa, ba takarda ba sisin kwabo, na kwana ina tunanin wanda zai tsaya mini a baya. A ƙananan rukunan Ingila ma, ɗan wasan da ba shi da kwantiragi, sanarwar kwana bakwai kawai wata ƙungiya za ta bayar kafin ta fara zawarcinsa. Saboda haka ni ba na kuka da wanda aka sayar, da wanda ya tafi a banza nake kuka.

Malam Habu: Koci, na karɓi wannan gyara, kuma na yarda cewa kwantiragi da sharaɗin samun kaso idan aka sake sayar da yaro sun fi riƙe shi da ƙarfi amfani. Amma Alhaji, har yanzu ba ka amsa mini batun 2016 ba. Sa'ar da aka yi Gregory ya cike gurbin Vardy ba ta maimaitu ba, aka sallami Aspin a Satumban 2015, ƙungiya ta faɗi.

Alhaji Garba: Ta faɗi, ban musa ba, kuma na san magoya bayanta a filinta na The Shay sun ji zafin abin. Sai dai a 2016 ɗin ce ta doke Grimsby Town da ci 1-0 a Wembley ta ɗauki FA Trophy, kofin ƙananan ƙungiyoyin Ingila, a 2017 ta koma rukuni na biyar, a 2023 kuma ta sake ɗaukar kofin a kan Gateshead. Tsohuwar Halifax da ta faɗi a 2008 ba ta sake tashi ba.