Tambaya: ana samun kuɗin taks na yara a Amurka in iyalin suna nan Maradi?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka san harkar lampon Amurka ku ɗan haska min. Yayana yana Niyok shekara shida kenan yana tuƙin taksi, takardunshi lafiya lau yana da girin kad, amma matarshi da yaranshi uku suna nan gidanmu a Mokoyo, ni ke kula da cefanensu da kuɗin lakwal in ya turo. To shekaranjiya da dare ya kira ni a WhatsApp yana ta sauri, wai in ɗauki hoton takardun haihuwar yaran in tura mishi kafin Juma'a, wai ya samu wani mai cika takardun taks da ya ce mishi kowane yaro akwai dalar Amurka 2,000 da wani abu, har ita Anti matarshi ma za a sa ta a ciki, shi kuma mai cikawar zai cire kasonshi in kuɗin suka faɗo.

Ni dai na ɗauki hotunan amma ban tura ba tukuna, don raina bai kwanta ba. Yaran nan ko Yamai ba su taɓa zuwa ba balle Amurka, ta ƙaƙa gwamnatin can za ta ba da kuɗi saboda su? Kuma shi Yaya babban burinshi ya ɗauke su su koma wurinshi, ina tsoron kar a je garin neman gira a rasa ido. Wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, in halas ne in tura yau ɗin nan.

Baban Iklima:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka tura, ka ce Yayanka ya dakata. Na yi shekara goma sha huɗu tsakanin Bronx da Greensboro kafin in dawo gida, wannan zancen ba yau na fara jin shi ba, duk shekara da Janairu ta kama sai masu cika taks na bayan shago su fito kamar fara.

Abin da ake kira kuɗin yara ɗin akwai shi da gaske, dala 2,000 ne kowane yaro tun 2018, daga taks na 2025 aka mai da shi 2,200 (dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta nan ba, kar wani ya ɗauko lissafin kasuwa). Amma yana da sharuɗɗa kuma ba a tsallake ko ɗaya. Yaron bai cika shekara 17 ba, yana da lambar soshiyal (Social Security, lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum) tashi ta kanshi, ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, sannan ya zauna gida ɗaya da uban fiye da rabin shekarar. Yaran Yayanka sharaɗin shekaru kawai suka cika, sauran duka babu. Akwai wani ƙaramin rangwame na dala 500 na waɗanda kake ciyarwa, shi ma sai mutum ɗan ƙasa ne ko mazauni. Kai ko sunan yaro ma ba a yarda ka rubuta a layin waɗanda kake ɗauke da nauyinsu ba sai in ɗan ƙasa ne, ko mazaunin Amurka, ko yana zaune Kanada ko Meziko. Nijar ba ta ciki. Ko da kuwa duk wata kana tura jika ɗari biyar kana da risi cike da buhu, IRS, hukumar taks ta Amurka, ba ruwanta da wannan.

To ta yaya mai cikawa zai fitar da kuɗin? Ƙarya zai shirya, ba wata hanya. Ko ya rubuta cewa yaran suna zaune da shi a can, ko ya manna lambar soshiyal ta ɗan wani, na ga inda aka yi haka da idona, maƙwabcina a bene ɗaya muke, ya karɓi kuɗi shekara biyu yana murna har ya sayi fili a Zariya, a ta uku wasiƙa ta zo ana neman takardar makaranta da ta asibiti mai nuna adireshin yaran. Ina zai samo? Sai da ya mai da kuɗin duka da ruwa da tara a kai, mai cikawar kuma lambarshi ta daina shiga, da ma bai sa hannu a takardar ba, sunan maƙwabcina ne kaɗai a ƙasa. Doka ta ce duk wanda aka biya ya cika ma taks dole ya sa hannu ya rubuta lambarshi ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cika taks, in ya ƙi to ka san da walakin. Kuma in suka ga ganganci ne sukan hana mutum wannan rangwamen shekara 2, in zamba ce shekara 10, ka ga ranar da yaran za su iso da gaske yana da haƙƙi amma an rufe mishi ƙofa.

Maganar Anti ita ce mai amfani, kuma ita ce masu cikawar ba su cika yi ba don tana da wahala. Mata ba a rubuta ta a cikin waɗanda ake ciyarwa, amma doka ta yarda miji ya zaɓi a ɗauki matarshi da ke waje kamar mazauniyar Amurka ta fuskar taks kawai, su cika takarda ɗaya tare. Abin da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a fara lissafin taks, a 2025 mai aure da ya cika shi kaɗai 15,750 ne, in tare suka cika 31,500. Wanda yake matakin kashi 12 cikin ɗari bambancin ya kusa dala 1,900, wajen miliyan guda na sefa kenan, kuma halas ɗinshi. Sai dai ya sani shi da yake aikin kanshi akwai taks na kashi 15.3 na soshiyal da Medicare (kuɗin fansho da inshorar lafiyar tsofaffi), wannan ba ya raguwa ko ya sa ta ko bai sa ba, kar ya ga bai samu yadda ya zata ba ya ce na ruɗe shi.

Maman Biyu:

Alhaji ya gama magana, ni dai bari in ƙara da abin da ya same ni don ni ce aka yi ma wannan. Maigidana yana Ohayo ni ina Ali Ɗan Sofo. Lambar taks da za a nemar mata tunda ba ta da soshiyal sunanta ITIN, takardar nemanta kuma W-7, ana haɗa ta da takardar taks ɗin a tura ta gidan waya zuwa Austin a Texas, shekarar farko ba a yi ta intanet. Fasfo shi ne kaɗai takardar da ke isa ita ɗaya, in babu sai an haɗa biyu kamar katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, kuma hoton waya ko fotokofi na bakin kasuwa ba sa karɓa, ko ainihin takardar ko kofin da ofishin da ya ba da ita ya buga ma hatimi. Ni sai da na je Yamai na yi fasfo, muka aika da shi, wallahi kwana nawa ban yi barcin kirki ba ina tunanin ya ɓata a hanya. Sun ce sati 7 ne, amma lokacin cunkoson taks yakan kai 9 zuwa 11, namu ya kusa haka kafin ya dawo. Daga baya muka ji ashe akwai wakilai da IRS ta amince su duba fasfo su mai da ma abinka ba sai ka aika ba, ya tambaya a can.

Sannan sai ta sa hannu da kanta, a W-7 ɗin, da takardar taks, da wata 'yar wasiƙa da su biyun za su rubuta cewa sun zaɓi haka. Ka ce kar ya sa mata hannu don sauri. Kuma in tana sana'a sai an faɗi abin da take samu, ni ina saida atamfa da turaren wuta a gida, sai da na zauna da littafina muka lissafa ribar shekara aka juya ta dala, abin dariya ne kuɗin amma an rubuta. Ranar ƙarshe 15 ga Afrilu, in za ku yi ku fara yanzu kar ku jira Maris.

Malamin Lakwal:

Ni abin da ya ɗaure min kai, a nan gida ma'aikaci ana rage mishi ITS, lampon albashi, gwargwadon yawan iyalinshi, CNSS kuma tana biyan kuɗin yara. Ƙanena da ke Liyon a Faransa ma ya ce kuɗin da yake turo ma tsohuwarmu yana rubuta su a takardar lampo a cire mishi, in dai yana da risin aikawa da shaidar cewa tana da bukata. To me ya sa Amurka da duk arzikinta ba za ta duba mutumin da ke ciyar da mutum goma a gida ba? Ko dai Alhaji akwai wata ƙofa da ba ku lura da ita ba?

Baban Iklima:

Malam kowace ƙasa da dokarta, Faransa ta yarda da cire kuɗin ciyar da iyaye, amma ita ma CAF, ofishinsu na kuɗin iyali, ba ta ba ka cikakken kuɗin yara sai yaran suna zaune can, tambayi ƙanenka. Ƙofa ɗaya na sani kuma ba ta shafi Yayan Ɗan Mokoyo ba: yaron da aka haifa a Amurka yana da soshiyal aka kawo shi gida, ko wanda ubanshi ya riga ya zama ɗan ƙasa kafin a haife shi aka yi mishi rajista a ambasad na Yamai. Irin wannan ko yana Maradi ana iya neman dala 500 ɗin in uban ne ke ɗauke da fiye da rabin nauyinshi. Babban kuɗin kuwa yana nan a kan zama gida ɗaya, akwai sassauci in yaro ya tafi karatu na ɗan lokaci zai dawo, amma wanda aka kawo wurin kaka tun yana goye har ya shiga CM2 kar a ce min wannan tafiyar ɗan lokaci ce.

Abu guda da na manta ƙanena, ka tambayi Yayanka shekarun baya me ake rubuta mishi. Da yawanmu ana sa mana marar aure don ya fi sauƙin cikawa, to ranar da zai nemi kawo iyali da takardar I-130, sai an kai ga I-864, takardar ɗaukar nauyinsu, inda ake neman takardun taks, ga su suna cewa gwauro ne ga shi yana cewa yana da mata da yara uku, tambayoyi za su yi yawa. Haka ma in ya je neman zama ɗan ƙasa suna duba taks. In an yi kuskuren ana gyarawa da 1040-X, kuma in akwai rarar kuɗi ana iya bin ta har shekara uku baya. Ya nemi masu VITA, 'yan sa kai ne na shirin IRS, kyauta suke cikawa masu ƙaramin ƙarfi, sau da yawa a laburare ko cibiyar unguwa suke zama, in sun ce tashi ta fi ƙarfinsu saboda harkar taksi sai ya biya akanta mai lasisi da ke da ofis.

Ɗan Mokoyo:

Allah ya saka da alheri Alhaji, Maman Biyu na gode ƙwarai. Na karanta mishi duka a murya na tura, da farko ya hau faɗa wai 'yan gida sun fiye tsoro, abokanshi duk suna karɓa, can wajen ƙarfe biyun dare namu sai ga shi ya sake kira murya ta sauka, ashe ya ɗauko takardun bara ya duba, marar aure aka rubuta mishi kuma wurin sa hannun mai cikawa fayau yake. Yanzu ya ce in goge hotunan yaran in fara neman fasfon Anti.

Sai dai wata ta taso, aurensu a masallaci aka ɗaura da goro da shaidu, ba mu taɓa zuwa meri an yi takarda ba, shekara goma sha biyu kenan. Litinin zan je in ji ko sai an bi ta jistis tunda an daɗe. Maman Biyu ku da kuka yi, sun nemi takardar aure wajen W-7 ɗin ko fasfo kaɗai kuka aika?