Asusun gobara: a hana wanda ba shi da takarda tallafi?

Tsohon Ma'aji: Jama'a, salamu alaikum. Zan faɗi ra'ayina, na kuma san zan sha suka. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusun ko-ta-kwana, duk wata a zuba wani kaso na kuɗin shiga, kada a taɓa sai gobara ko ambaliya. Amma da sharaɗi: mai shagon da 'yan kwana-kwana ba su duba shagonsa sun ba shi takarda ba, in wuta ta ci shi, ko sisi kada a ba shi. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe shaguna sama da 3,000, abu ɗaya muke yi: jaje, kwamiti, gidauniya, sai a zauna jiran ta gaba.

Alhaji Mai Yadi: Wa alaikumus salam. Malam, rabin maganarka na karɓa, rabi na mayar maka. Wuta ba ta tambayar takarda. Maƙwabcina ya ajiye jarkar fetur a bayan janareto, ni ina da tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, amma takardata ta ƙare makon jiya ban sabunta ba. Wutarsa ta cinye mu duka. A tsarinka ni da shi hukuncinmu ɗaya ke nan?

Hajiya Mai Kayan Kicin: Ni tun daga asusun ma na tsaya. A ƙasar nan ka tara kuɗi ka ce ba mai taɓawa? Ai ka ba kura ajiyar nama. Ana shiga shekarar zaɓe za a kira shi da wani suna a kwashe. Ku tambayi kanku: kuɗin kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi na da kasonsu, magudanar ruwa nawa kuka gani da shi a unguwarku?

Tsohon Ma'aji: Hajiya, ba ki yi ƙarya ba. Sai dai dubi abin da rashin asusun ke jawowa. Da Monday Market ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairun 2023, Gwamna Zulum ne ya sanar da naira biliyan 1 ta agaji. Madalla, amma wannan alfarma ce ta gwamna, ba haƙƙin da ɗan kasuwa zai je ya nema da rasit a hannu ba. Babbar kasuwa ce a birni, kyamarori sun zo. Kasuwar ƙauye mai ci mako-mako in ta ƙone, wa ke jin labari? Shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ita kuma ta rubuta wa NEMA ta tarayya, bayan wata da watanni a kawo buhunan shinkafa da kwanon rufi, alhali jari mutum ya rasa. Kuma tun 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In hukuncin ya tabbata a aikace, uzurin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya ƙare.

Hajiya Mai Kayan Kicin: "In ya tabbata." To, Allah ya nuna mana.

Ɗan Kwana-kwana Mai Ritaya: Ku ba ni dama, don ni na riƙe mesa. Duk kuna maganar bayan wuta, ni abin da ke ci mini rai shi ne rabin awar farko. Mu iso da mota cike da ruwa, mu tarar layin da aka zana don mota ya zama rumfuna, kwantena a dama, tebura a hagu, an ja rufin leda a sama. Sai mu tsaya a bakin ƙofa muna jona mesa da mesa, wuta tana cin layi na uku. Ruwan ya ƙare, babu rijiyar burtsatse ko tanki a cikin kasuwa, sai mota ta koma ɗebowa. Sannan ku ɗaga kai ku ga wayoyi: siririyar waya ɗaya an jona mata shago biyar, an naɗe da leda maimakon salatif. A tashi kasuwa ba a kashe komai ba, a dawo da lantarki tsakar dare da ƙarfi, ga iskar hunturu. Waɗannan rumfunan da suka toshe hanya ba aljanu suka kafa su ba. Wani ya sayar da wurin, wani yana yankar musu rasit kullum. To Malam, in mai ba da takarda shi ne mai sayar da hanya, takardarka me za ta tsare?

Alhaji Mai Yadi: Baba ya gama magana. Sabon haraji kawai za a ƙirƙiro. Yaro zai zo da littafin rasit, ko shagon ba zai leƙa ba.

Ɗalibin Lauya: Iyayena, akwai wani ƙulli da ba a taɓa ba. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota da kula da shaguna da gidajen abinci, saboda haka tana iya ɗora sharaɗin kariyar gobara a kan lasisin shago. Amma hukumar kashe gobara ta jiha ce, manyan kasuwanni irin Kantin Kwari da Sabon Gari kuma gwamnatin jiha ke naɗa shugabanninsu. Ke nan mai asusu daban, mai dubawa daban, mai kasuwa daban. Ranar da abu ya faru kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Malam Na Bakin Masallaci: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne hana wanda musiba ta afka wa. Sakaci laifi ne, an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Amma a hukunta shi tun shagon yana tsaye: a ci shi tara, a yanke masa waya, a rufe shagon. Ranar da yake tsaye a kan toka, ga iyali ga bashin masu kaya, ba ranar hukunci ba ce.

Tsohon Ma'aji: Allah gafarta Malam, shekara nawa ana cewa za a ci tara? Ba wanda ke jin tsoronta, don ana sasantawa a bayan shago. Abin da ɗan kasuwa ke tsoro shi ne a raba kuɗi babu sunansa. Amma na ji ƙorafin Alhaji. A raba gida biyu: abinci da agajin gaggawa kowa ya samu, kuɗin tayar da jari kuwa sai mai takarda.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Sai in ƙungiyar 'yan kasuwa na cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma a liƙa lissafin a ƙofar kasuwa duk wata. In ba haka ba gara mu yi adashinmu ko mu shiga takaful, wato inshorar Musulunci.

Ɗan Kwana-kwana Mai Ritaya: Ni dai kafin a ajiye naira ɗaya, a fara haƙa burtsatse a buɗe hanya. Alhaji, teburin da ke gaban shagonka, wanda ka ba yaronka yana sayar da guntayen yadi, a kan layin mota yake ko a'a?

Alhaji Mai Yadi: Baba, ai kowa ma ya fitar da nasa. In za a ɗauke na layin gaba ɗaya, ni zan fara.