Dan Allah malamai ku ba ni shawara, makin ɗin littattafan yara ya fi ƙarfina

Malamar aji uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ni dai aji uku aka ba ni a farkon zangon nan, da ina aji ɗaya, to malamin da ke riƙe da ajin ya samu canjin wajen aiki aka ce in karɓa na wucin gadi, ga shi wucin gadin ya zama zama. Yara 62 ne, kullum ina karɓar littafi uku daga kowane yaro, lissafi da Turanci da jingar gida, ku lissafa da kanku littafi 186 kenan, ko minti biyu biyu na ba kowanne ya haura awa shida, ni kuma ga goyo ga aikin gida, sai in cika jaka da littattafai in tafi da su, bayan isha'i in zauna da jan biro har sai idona ya fara rufewa. Kuma ba tik kawai nake yi ba, kowane kuskure sai na zagaye shi na rubuta daidai a gefe, a ƙasa in sa maki in rubuta wa yaro ɗan bayani.

To ranar Litinin wani uba ya zo da littafin ɗansa, ashe yaron ya yage shafi huɗu ya ɓoye saboda ja ya yi yawa, har ya ce shi ba zai ƙara zuwa makaranta ba. Hedimasta ya kira ni ofis, abin da ya faɗa min dai bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Ni yanzu ban san laifina ba. In rage yawan gyaran da nake yi da jan biro ne ko in ci gaba? Dan Allah ku taimaka.

Tsohon hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 31 na yi a aji kafin in ajiye aiki, saurare ni da kyau. Kar ki rage komai. Littafin yaro shi ne shaidar malami, ranar da masu duba makarantu suka zo ba bakinki za su duba ba, littafi za su buɗe. Kowane kuskure ki nuna shi da ja, yaro ya sake rubuta gyara sau uku a ƙasa. Mu haka aka koya mana kuma ga mu nan mun zama mutane. Uban nan shagwaɓa ɗansa yake yi kawai.

Malam mai lissafi:
Malama me hedimastan ya ce takamaimai? Kin tsallake wajen. Sannan tambaya ɗaya, bayanin da kike rubutawa a ƙasa yaran suna iya karanta shi?

Malamar aji uku:
Maganar ofis a bar ta kawai Malam. Karantawa kuma wasu suna iyawa, kamar goma sha biyar haka, sauran sai a hankali. Amma ai iyaye suna gani, kuma ni ba zan iya miƙa wa yaro littafi da tik tsirara ba, sai in ji kamar na ci amana.

Malam mai lissafi:
To kin gani, yara sama da arba'in kike rubuta wa wasiƙar da ba za su karanta ba. Bari in ba ki misali. Kika ba su 52 a cire 18, za ki ga rabin aji sun rubuta 46 maimakon 34. Ba wai shirme suka yi ba, ƙaramin lamba suke cirewa daga babba a kowane layi, 8 a cire 2 shida, 5 a cire 1 huɗu, aro ne bai zauna musu ba. Kuskure ɗaya ne tak a littafi talatin. Me zai sa ki rubuta gyaransa sau talatin da dare? Ki duba littattafan da sauri ki ware su kashi uku, waɗanda suka gane, masu matsalar aro, da waɗanda suka ɓace gaba ɗaya. Da safe minti goma a allo da tsinkaye ɗauri goma goma, ki kwance ɗauri ɗaya a gabansu su ga yadda aron yake, su gyara da fensirinsu a take kina zagayawa. Akwai binciken da wata masaniyar ilimi, Ruth Butler, ta yi a 1988 da yara 'yan aji biyar da shida, waɗanda aka ba bayani kaɗai aikinsu ya ƙaru, waɗanda aka haɗa musu maki da bayani kuwa ba su fi masu maki kaɗai ba, don da yaro ya ga 3 bisa 10 shikenan ya leƙa na maƙwabcinsa ya rufe littafi.

Tsohon hedimasta:
Malam wannan duk zancen takarda ne. Wanda ya yi binciken ya taɓa tsayawa gaban yara sittin? Yaro in bai ga sifili da idonsa ba ba zai farka ba. 'Yata kar ki bari a ruɗe ki.

Uwar 'yan uku:
Ni ba malama ba ce amma wallahi da za a ba ni irinki da na gode Allah. Littafin 'yata sati uku ba wanda ya taɓa shi, da na yi magana sai malamin ya bi shafukan duka da tik a rana ɗaya, har inda ta rubuta bakwai sau takwas 54 ya ba ta daidai. Na je makarantar sau biyu ana ce min yana aji, yana mitin. Abin yana ci min rai sosai.

Malama tun 2009:
Hmm ku dai bari. Mu biron ma da kuɗinmu muke saya, ajin da nake ciki yara uku ke haɗa benci ɗaya wasu a ƙasa, littafin ma rabi ba su da shi, a takarda ɗaya suke rubuta komai. Sai a zo duba aiki a ƙirga sa hannu da kwanan wata, ba mai tambayar ko yaro ya gane. Ni yanzu musanya littafi nake sa su yi, kowa ya maka na ɗan uwansa ina faɗin amsa. 'Yar uwa ki tausaya wa kanki da jaririnki.

Tsohon hedimasta:
Musanya littafi? Yaro ya maka wa abokinsa ai daidai zai ba shi ko ya zalunci wanda ba sa shiri. Na kama irin wannan ba sau ɗaya ba. Aikin malami ne, malami zai yi.

Malamar aji uku:
Na gode duka, Allah ya saka. Baba gyara sau uku ɗin na gwada, kwafe abin da na rubuta kawai suke yi, gobe su sake kuskuren. Musanyar kuma gaskiya ba zan iya ba, akwai yarinya a ajina da ko sunanta da ƙyar take rubutawa, in wani ya ga littafinta tsokana za ta sha har a tashi. Malam mai lissafi maganarka ta shige ni amma in na daina sa maki me zan cike a takardar gwajin zango, kuma iyayen nan maki suke nema. Yaron da ya yage littafin ma ai na rubuta masa ka ƙara ƙoƙari a ƙasa, ban zage shi ba.

Malam mai lissafi:
Ka ƙara ƙoƙari a me? Yaro ɗan shekara takwas bai san inda zai kama ba. Ki ce masa abu ɗaya, yau ka iya jera lambobi, gobe aro za mu yi. Makin gwaji ki ajiye a rajistarki, ba sai kowane aiki ba.

Uwar 'yan uku:
A'a Malam, mu iyaye in ba mu ga maki ba ta ina za mu sani?

Malamar aji uku:
To kun ji ko. Bari dai in je, jaririn ya tashi kuma na Turanci 40 ne suka rage ban taɓa ba. Uban yaron ya ce zai dawo ranar Alhamis, har yanzu ban san me zan ce masa ba.